Lissafi a Bayan Ambulan

Bas ɗin dare, hanyar Ilford,
ni da Hansatu a benen sama,
ambulan ɗin kuɗin wuta a cinyata,
biro na tsalle duk sanda direba ya taka burki.

Zauren biki fam dubu huɗu, awa biyar.
In an wuce sha ɗaya, kowane minti da kuɗinsa.
Kujera ma sai an sa mata riga,
rigar kuma ta haya ce.

Faranti fam ashirin da takwas.
Na ce mutum tamanin.
Ta yi dariya: "Ka manta mu su waye?
Wanda ka gayyata zai zo da wanda ya rage masa hanya."

Na juya jimlar zuwa naira,
sifirai suka zubo har bakin takarda.
A Gusau wannan fili ne, da katanga, da rijiya.
A nan rabin yini ne.

Gwaggo Talatu ta aiko saƙon murya tun asuba:
akwati bakwai, kada a ba mu kunya.
Ɗakin da muka kama a Barking,
in akwati bakwai suka shiga,
ɗayanmu a matakala zai kwana.

Hansatu ta karɓi biron.
Ta soke furanni, ta soke doguwar mota,
kek mai hawa uku ta rushe shi ya koma ɗaya.
Sai ta iso kan tikitin Innata,
fam ɗari tara, ban da biza.
Na kau da kai, ina kallon ruwa yana bin gilashi.

Da na waigo ta zagaye shi sau biyu,
ta ja layi a kan sarƙar gwal ɗinta.