Itacen da Ba Ya Tuɓe Riga

A Lamingo, inda ake jera dashe cikin baƙaƙen ledoji,
na tarar da Baba Davou zaune kan bulo.
Yana ta rufe masa ido ɗaya, ɗayan ma saura ƙiris.
Na ce itacen fir nake nema.
Ya yi dariya: "Duk mai tsinin kai a garin nan
haka ake kiransa. Miƙo hannunka."

Ya tsinko allurar ganye ɗaya, ya sa mini tsakanin yatsu.
"Murza. Ta mirgina?"
Ta ƙi.
"To, shi ne. Tasa mai faɗi ce, ba ta suka,
ɗai-ɗai take fita, ba damin tsintsiya ba.
Duba bayanta: farin zane biyu,
kamar tsagar gado a kumatun tsohuwa.
Sunsuna."
Lemon tsami, da ƙaro, da wani sanyi da ban san garinsu ba.

"Kada ka kai shi fadama, ba shinkafa ba ne.
Nemi gangare, inda ruwa ke gaisuwa ya wuce.
Rami ya fi shi faɗi, kada ya fi shi zurfi.
Rufe gindinsa da ciyawa, yi masa rumfa a bazara,
ka kiyaye shi da gara da akuyar maƙwabta.
Baƙo ne. Don sanyin Jos kawai yake haƙuri da mu."

Na dasa shi bayan ɗaki, yana kallon duwatsun Shere,
a shekarar da Hajjo ta fara tatata.
Tsayinsu ɗaya.
Yau tana aji huɗu, ta ba shi taƙi guda,
shi kuwa ko a jikinsa.
Da rani ya tuɓe wa ɗinya riga,
shi yana nan kore shar, bai yar da ko maɓalli ba.

Ya ce mini 'ya'yansa ba sa rataya,
tsaye suke kan reshe kamar kyandirori,
amma sai bayan shekaru masu yawa,
in ma ƙasarmu ta yarda.
Na ce, "Baba, kai ka taɓa gani?"
Ya ce, "Ni dai na ba da ruwa."

Bara na koma Lamingo.
Bulon na nan. Jikansa ke karɓar kuɗi.
Na tsinki allura, na rufe ido, na murza.