Littafin da Na Ƙwace

Ranar da sakamakon Juwairiyya ya zo,
lissafi ja wur kamar attarugu,
na ɗaga filonta, na kama ɓarawon:
littafi ne, bangonsa ya sha hannu,
an zana yarinya tsaye a bakin jirgi,
rana biyu a bayanta.
Rana biyu! Ɗayar da ke gasa mu a Tudun Wada
ba ta isa ba?

Na ce, "Sai kin ci jarrabawa."
Ba ta yi kuka ba.
Ta dai ce, "Baba, kar ka naɗe mini shafi."

Na cusa shi a shago,
tsakanin ragowar shadda da gwangwanin maɓallai.
Laraba aka ɗauke wuta tun hantsi,
keke ya yi gum, ba ciniki, ba abokin hira.
Na ce bari in ga abin da ke shanye mini batirin tocila.

Turancina na aji uku ne, ya yi tsatsa,
ina tafe ina tuntuɓe
kamar mai hawan Kufena da silifas.
Ashe yarinyar tela ce.
Jirginsu da haske yake tafiya,
da wani yadi mai faɗin unguwa guda,
duwatsun sama na yagawa, tana bi tana faci,
rataye a igiya,
taurari ƙarƙashinta kamar an ɓarar da gero.
Sai na ji bakina ya ce,
"Ninka bakin tukuna, 'yar nan, zai warware!"
Ga Alhaji Barau tsaye a kaina,
ya zo karɓar babbar riga.
Ko yanka ta ban yi ba.
Na ce wuta ce.
Wutar kuwa ta dawo tun azahar.

Kwana tara.
Ƙaramin jirgin 'yan koyon tuƙi
ya bi ta saman kwanonmu da gurnanin da ya saba,
na fito na ɗaga kai,
har mai lemo ya tambaye ni ko lafiya.
Na ƙone aljihun kaftani da dutsen guga.
Na haddace sunan wata bakwai da babu su,
na manta awon wuyan maƙwabcina.

Dare na goma an kewaye jirgin,
zare ya ƙare mata, allura ɗaya ta rage,
na lashi yatsa, na juya.
Bango.
Ganye shida babu.
Gwanjo ke nan: ko wani ya yage a wata ƙasa,
ko ɓeran Samaru ya yi sahur da su.

Na hau mota har bakin jami'a.
Mai baza littattafai a ƙasa ya yi dariya:
"Irin wannan ba ya kwana, Baba.
'Yarka ma layi ta bi."

Na dawo bayan isha'i.
Tana tsakar gida, ta tasa lissafi gaba tana cizon biro.
Na zauna a bakin tabarma.
Girma ya tsaya mini a maƙogwaro kamar ƙayar kifi.
Na ce, "Wai... da zaren ya ƙare, yaya ta yi?"

Ta daɗe tana kallona.
"Ni ma a nan na tsaya.
Na ce gashin kanta ta tsinka.
Barira ta ce mutuwa ta yi."
Na ce, "Gashi ba ya riƙe yadi mai nauyi.
Kalmasar rigarta za ta farke, ta zaro."
Ta ajiye biro. "Baba, rigarsu ta ƙarfe ce."
"Ta ciki fa?
Wa ke sa ƙarfe a kan fata?"

Muna nan har mai shayin kwanarmu ya kashe risho.
Lissafi na buɗe inda yake,
na gani, ban tanka ba.

Gobe Asabar.
An ce akwai na biyu a Sabon Gari.
Alhaji Barau, ka ƙara haƙuri.