Akwati na Tara

Ƙarfe biyar na asuba a Liverpool,
ruwa na ƙwanƙwasa gilashin rufi kamar mai bin bashi.
Ni da bokiti da tsumma, katin aiki a wuya,
ni ke fara gaida gumakan gidan tarihin nan
kafin 'yan makaranta su zo su bar mini shatin hanci.

A akwati na tara akwai baƙon Indiya,
na tagulla, tsayinsa bai wuce kamu ɗaya ba.
Dama namiji: ƙirji a shafe, kafaɗar maƙeri.
Hagu mace: nono guda, ƙugu a lanƙwashe, awarwaro uku.
Wata huɗu ina neman inda aka yi haɗin.
Babu. Zubi ɗaya ne.

Gwenda, wadda muke raba bene da ita,
ta ce a zauren Girkawa ma akwai wani
kwance rub da ciki:
ta baya budurwa, in ka zagaya gaba sai ka haɗiye zancenka.
Ta yi dariya, ta miƙo mini biskit.
Ni Kawu Barmo ne ya faɗo mini.

Kawu Barmo mai waina a bakin tashar Funtuwa,
hula a ka, zane a ƙugu, lalle har wuyan hannu,
habaicinsa ya fi yajinsa zafi.
Kakata ta ce yana ɗan shekara goma
garaya ta yi kuka a gidan maƙwabta,
iska ta sauka, mace ce,
ba ta tsaya tambayar doki ne ko goɗiya ba.

Babana bai taɓa cin wainarsa a idon mutane ba.
Amma kuɗin jarrabawata,
daga haɓar zanen nan aka kwance su,
suna warin man gyaɗa.

Akwai kuma Mati direban tirela.
Duk Alhamis yana kan bencin, shekara goma sha tara,
ba a auna masa, ba ya biya.
"Abokin Kawu" muke cewa, mu kau da kai.
Ranar da aka kai Kawu, sahun bai cika ba,
in ji ƙanena, mutum bakwai har da liman.
Mati ne ya cire takalmi ya shiga ramin,
ya karɓe shi da hannu biyu,
ya daɗe bai fito ba.

Ban iya fatawa ba, sakandare na tsaya.
Sallata nake yi a ɗakin tsintsiya, kan kwali,
ban taɓa rusuna wa tagulla ba, Allah shaida ne.
Abin da na gani kawai nake faɗa:
wannan an kunna masa fitila ta kansa,
an sa masa ƙararrawa, an yi masa inshora,
masu digiri na rage murya a gabansa.
Nawa kuwa, ɓarin tandarsa aka kafa a wajen kai,
damina biyu ta shafe wurin.

Ƙarfe shida ta kusa.
Na huro numfashi a gilashin, na goge dama,
na goge hagu,
na ce, "Kawu, ina kwana."
Gwenda ta leƙo daga bene, wai da wa nake magana.
Na ce mata ruwan bokitin ne ya huce.