Ragowar Fosta

Ni ne Rabe, mai buga takardu a Ƙofar Ƙwaya.
Inji ɗaya gare ni, tsoho, in ya ɗau zafi sai tari.
Da shi na buga fuskokin manyan nan biyu,
wannan da hantsi, wancan bayan la'asar,
tawada ɗaya, takarda daga dila guda.
Kowane ɓangare ya ce in an ci za a biya ni.
Na rubuta a littafin bashi, na kora da ruwa.

Daren da aka faɗi sakamako babu wuta,
taransifomar layinmu ta ƙone tun kafin kamfe.
Muka cika bencin Gide mai shayi,
rediyo ɗaya, batir yana shirin mutuwa,
muryar mai karanta alƙaluma tana nutsewa tana tasowa
kamar guga a rijiyar bazara mai nisan ruwa.

Da aka kira sunan,
Abashe ya daka tsalle har ya kifar da gwangwanin madara,
ya tashi babur, ya nufi Ƙofar Ƙaura yana danna ham.
Wansa Tukur bai ce uffan ba.
Ya ajiye kofi da sauran shayi a ciki,
ya dubi babban yatsansa, shuɗin bai gushe ba,
ya goga a riga, ya sake gogawa,
ya shige gida, ba sallama, ba gaisuwa.

Zane ɗaya ya goya su.
Yau kwana tara kwano biyu ake fitarwa zaure,
tsohuwarsu na leƙowa ta bayan labule tana ƙirgawa.

Ikenna mai kayan babur ya sa kwaɗo uku a shago,
ya kai iyali tasha kafin kiran assalatu.
Shekara ashirin da biyu yana cikinmu,
ya fi yarana iya karin magana.
Ya ce, "Rabe, wanda maciji ya taɓa sara,
ko tsumma ya gani..." Bai ƙarasa ba.
Na karɓi makullan, kunya ta hana ni amsawa.

Ba wanda ya zo biyan bashi.
Waɗanda suka ci sun ce sai an rantsar,
waɗanda suka faɗi sun ce suna kotu.
Sai na ɗaure ragowar fosta, kilo goma sha ɗaya,
na sayar wa Lantana mai ƙosai a bakin kasuwa.

Da safen nan na aiki yaro ya sayo na ɗari biyu.
Takarda biyu ta haɗa ta naɗe:
wanda ya ci da wanda ya faɗi, kunci da kunci,
mai ya ratsa su har ba ka gane hular wane ce a sama.
Na yi dariya ni kaɗai har yaji ya sarƙe ni.

Kai da ka ci, ban san ko maganar nan za ta iso ka ba.
Mudun masara bai tambayi Tukur wa ya dangwala wa ba,
bai rage wa Abashe ko sisi don ya yi murna ba.
Direban da ke kama hanyar Batsari da addu'a a baki
ba ya duba katin fasinja.
Waɗanda suka ƙi ka ma naka ne yanzu,
rumfar da ka gada ta kowa ce, kar ka auna inuwa.

Jiya takardar karo-karon taransifoma ta zagayo.
Ni na buga ta, kyauta: suna, kuɗi, sa hannu,
ban bar gurbin jam'iyya ba.
Tukur ya rubuta dubu biyu a layi na bakwai.
Abashe ya daɗe yana kallo,
sannan ya ari biron wansa, ya rubuta a na takwas.
Ba su yi magana ba. Amma biron ya koma hannu da hannu.

Ɗazu Ikenna ya bugo waya, wai an kawo wuta?
Na ce tukuna.
Na ce sunanka na layi na sha uku, ni na biya maka,
kai kam ba zan jira rantsuwa ko kotu ba,
ka dawo ka biya ni, ana cigiyarka a unguwa.