Adashin Takalmi

Likita ta ce jinina ya hau.
Ta ce, "Keken ɗinkin nan zai cinye ki a zaune,
tashi ki taka ƙasa."
Na ce, "Shekara arba'in da bakwai ina taka ta,
ba ta taɓa yi mini magani ba."

Rahamu ce ta buga mini ƙyaure
ina kan tabarmar asuba, ban shafa addu'a ba.
Mu huɗu ne ran nan a bayan filin kokowa:
ni da ita, da Gaisha mai cuku,
da wata ƴar lakwal, Tsahara, da ba ta magana.
Rabin zagaye na yi, na nemi dutse,
ƙirjina kamar ana sussuka a ciki.

Ɗan kabu-kabu ya ja birki:
"Hajiya, lafiya? Wa ya biyo ku?"
Gaisha ta ce, "Tsufa ne, yaro.
Waiwaya, kai ma yana bayanka."

Mazanmu, wasu Abijan, wasu Libiya,
murya ce kawai a salula daren Juma'a.
Nawa ya ce, "Gudu? Da girmanki?"
Na ce, "Kai shekara tara ba ka waiwayo Tawa ba,
ni zagaye uku nake in komo gida."
Ya yi shiru har kati ya ƙare.

Kafin gero ya kai gwiwa mun zama sha tara.
Silifa na tsinkewa, ƙaya na shiga,
sai Lantana ta ce a kafa adashi:
dala ɗari-ɗari duk Lahadi,
wadda ta kwasa ta je wurin ƴan gwanjo
ta zaɓo wa ƙafarta abin arziki.
Aka ja ƙuri'a da tsinken ashana.
Nawa ne guntu. Ni ce ta ƙarshe.

Saura mako uku kwasata ta zo
rediyo ta yi shelar tseren mata,
kilomita biyar, a taso daga hanyar Ƙonni.
Na kwana biyar ina taka keke,
wando har idon sawu, riga har gwiwa,
don mai neman abin faɗa ya rasa.
Ban karɓi dalar kowa ba.

Daren tsere aka yi sallama.
Tsahara ce, da baƙar leda a hannu.
"Inna, sa waɗannan. Ni a Bambai na girma,
tafin ƙafata ya san tsakuwa."
Ran nan na fara jin muryarta.
Sun yi mini yawa,
na cusa guntayen atamfa a bakinsu.

Ita ta zo ta biyu, ba takalmi.
Ni kuwa,
rana ta ɗaga, masu ruwa sun kwashe bokitai,
motar asibiti na rarrafe bayana
kamar akuyar da ta ga dusa.
Na ce a raina, in zauna mana, wa zai sani?

Sai ga su daidai kwanar masu albasa,
sha takwas, sun juyo, lamba na lilo a ƙirji,
Lantana na ɗingishi, Gaisha na guɗa,
suka sa ni tsakiya kamar amaryar da ta yi nawa.
Ba wadda ta riƙe mini hannu.
Rahamu dai na ƙirga mini, "Ɗaya, biyu, shaƙi,"
har na taka farar igiyar da aka riga aka tsinke.

Kwasata ta zo. Lamba talatin da takwas,
shuɗi, ɗaya igiyar ba irin ɗayar ba.
Jinin ya sauka kaɗan, likita ta ce in ci gaba.

Akwai wata a Garkawa, Sahiya,
ta fita takaba tun watan jiya
amma ba ta fita ɗaki ba.
Na tambayi lambar ƙafarta wurin ɗiyarta.
Gobe, bayan asuba,
ni zan buga ƙyaure.