Abin da Sallau Ya Ciro

Ranar da jar akuyata ta daina tuƙa,
ta kwanta gindin darbejiya, ciki kamar ganga,
Sallau mahauci muka kira daga Ƙofar Marusa
ya sa mata wuƙa kafin ta zama mushe.

Da ya farke tumbin sai ya yi shiru.
Ya jawo wani dunƙule:
baƙar leda, igiyar buhu,
da wani farin abu mai fiffike biyu
da ya juya, ya sake juyawa, bai gane ba.
Ni na gane.
Na ja mayafi na rufe baki,
na ce, "Zuba a rami, Sallau."

Daren nan lissafi ya hana ni runtsawa.
Goma a wata, wani watan sha biyu,
shekara goma sha tara, tun ina aji biyu.
Nakan ƙulle a leda, in sake ƙullewa,
in jefa bola da asuba kamar ɓarauniya.
Ashe ba inda suka je.
Suna kwatar layinmu sun tare wa damina hanya,
suna cikin takin da ake kai wa gonakin Ajiwa,
suna cikin akuya.
Jinina ƙasa ta shanye tuntuni,
abin da ya tare jinin ne ta ƙi ci.

Kakata Tasalla ba ta san audugar kanti ba.
Tsohon zane take yagawa ta yi ƙunzugu,
ta wanke da sabulun salo,
sannan kunya ta sa ta shanya a ƙarƙashin gado
inda rana ba ta leƙawa.
Ƙaiƙayi bai taɓa sallamar ta ba.
Na ɗauki zanen a gadonta,
duhun na bar mata.

A babbar kasuwa na bi yaduka da yatsa.
"Mai santsi ba na so, ba ni auduga zalla."
Mai shago ya ce, "Kayan jariri ne, Hajiya?"
Na ce, "Auno yadi biyu."

Ninki huɗu, tawul a tsakiya, maɓalli a fiffike.
Na farko ya ci amanata a gidan suna,
na manne da tabarma har taro ya watse,
ana ta yabon zumuncina.
Na uku ya yi kauri, ina tafiya kamar agwagwa.
Na shida ne ya zauna
kamar dama can tare aka haife mu.

Ƙanwata Barira ta yi dariya har da tafi:
"Yaya, kin maida mu zamanin fitilar aci-balbal."
Ta nuna min nata, ɗan ƙoƙo mai laushi,
a tafasa shi, a adana, ya yi shekaru.
Na riƙe shi, na ji gabana ya faɗi.
Na ce, kowa da kiwon da ya karɓe shi.
Ni da ita dai mun yi sallama da bola.

Kar in yi miki ƙarya, akwai wahala.
Ruwan sanyi za ki fara jiƙawa, na zafi kama tabo yake.
Ran da famfo ya ƙi, ɗan garuwa ya tsuga kuɗi,
nakan tsaya kan bokiti, baya na ciwo,
in tuna kantin bakin titi.
Sai in tuna hannun Sallau.

Da fari gyale nake rufa musu a kan igiya.
Yanzu suna shan ranar Katsina ido da ido,
shuɗi, ruwan goro, da wani mai zanen tattabaru.
Maigida in ya wuce sai ya duba agogonsa.

Jiya 'yar da akuyar ta bari
ta miƙe kan ƙafa biyu tana jan na shidan.
Na bi ta da muciya,
ba don tsoron ta mutu ba,
don na san daren da na kwana ina ɗinka shi.