Lansir na Dutse

A Akoka, a ɗakin da ake adana busassun tsirrai,
inda aikina shi ne goge ƙura da korar kyankyasai,
Dakta Oyelaran ta buɗe wata takarda
da ta girme ni da shekara talatin.
Wata 'yar ciyawa ce kwance a ciki,
an ɗaure mata ƙugu da siririn ƙyalle.

"Arabis," in ji ta.
Na ce, Balarabiya ce?
Ta yi dariya har tabarau ya zame mata.
Ta ce daga tsaunuka masu sanyi aka aiko ta,
can take tsira a tsagar dutse,
ba taki, ba ban-ruwa,
ba mai ce mata sannu.

Ta miƙo mini gilashin ƙara girma, ta ce, ƙirga.
Kunnuwan fure huɗu, biyu na duban biyu,
kamar mararrabar Ojota da asuba
kafin motoci su farka.
Zaruruwa shida a tsakiya,
huɗu dogaye, biyu gajeru,
yadda muka tsaya a hoton gidanmu.
Kwanso siriri kamar allura,
'ya'ya a jere ciki, matse da juna,
fasinjojin danfo ba kwandasta.
Ganyen gindi sun yi zobe, sun lafe a ƙasa,
sun yafa gashi mai rassa don maganin iska.

Ta ce danginta suna da yawa:
kabeji, mastad,
da wani ganye mai yaji da kuke kwaɗawa a Arewa.

Lansir!
Sai ga ni a tsakar gida,
Inna Tabawa na marmasa ƙuli-ƙuli,
tumatir, albasa, ɗan man gyaɗa,
yajin nan da ba ya tsayawa a harshe,
sai ya hau hanci ya matso hawaye.

Ranar Asabar na tarar da Baba a Mile 12,
yana karɓar buhunan kabeji daga motar Jos,
ƙafarsa cikin taɓo har idon sawu.
Na ce, Baba, kayanka suna da 'yar'uwa a kan dutse,
furensu iri ɗaya.
Ya tsaya da buhu a kafaɗa.
"Kabeji yana fure?"
Shekara ashirin da shida yana sayar da shi.
Kullum wuƙa ke riga furen zuwa.

Na sayi irin lansir na naira ɗari biyu,
na zuba a gwangwanin madara
a tagar ɗakinmu a Agege.
Iya Sikira, maƙwabciyarmu, ta leƙo ta ce,
ki yanka mana, zai tsufa ya yi ɗaci.
Na ce, jira nake.

Ya yi tsawo, ya rame, ya daina kama da abinci.
Wata safiya, bayan ruwan dare,
ga fari-fari a kansa, ƙanana kamar tsakin shinkafa.
Na kira Baba kafin ya fita.
Ya sunkuya, ya kanne ido ɗaya,
da yatsansa mai kaushi bai taɓa ba, nuni kawai ya yi:
ɗaya, biyu, uku, huɗu.

Ya makara kasuwa ranar.
Irin da ya zube daga baya
ya faɗa tsagar siminti a bakin kwata.
Ban gaya wa mai shara ba tukuna.